Fim ɗin Ƙwararru da Zafin Ƙasar Maraɗi

Kafin wayar salula ta karya kasuwar masu hoto, Kodak da Fuji sun raba fim ɗin kala gida biyu. Akwai na ƙwararru, irin su Vericolor da Portra wanda ya gaje shi a 1998, akwai kuma na gama-gari, irin su Kodak Gold da Fujicolor Superia. Sunan kaɗai ya sa ake ɗauka na farko ya fi na biyu a duk inda aka kai shi. Yanayin da aka yi sana'ar a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji bai goyi bayan wannan zato ba. Wanki ɗaya ake yi wa duka biyun, wato tsarin C-41 da Kodak ya fito da shi a 1972. Inda suka rabu shi ne irin rayuwar da kamfani ya zaci mai sayen yana yi.

Fim ɗin kala ba ya zama yadda ya fito daga masana'anta. Sinadaransa suna ci gaba da sauyawa, zafi kuma yana gaggauta sauyin. Na ƙwararru ana sakinsa kasuwa ne daidai lokacin da launinsa ya daidaita, bisa sharaɗin a ajiye shi a firji ƙasa da digiri 13, a ɗauka, a wanke ba tare da jinkiri ba. Na gama-gari kuwa an yi lissafin zai daɗe a kanta, ya ƙara kwana watanni cikin kyamara. To a auna wannan da ƙasar da zafinta ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu. Mai hoton da ke bin suna da ɗaurin aure a ƙauyukan Cadawa ko Tsibiri, inda a lokacin babu lantarki balle firji, sai ya cika hoto 36 sannan ya aika da fim wurin wanki a birni. A hannunsa, fim mai tsada zai rasa fifikon da aka biya kuɗinsa tun bai kai ga wanki ba. Ga shi kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tsawwala farashin duk kayan da ake shigowa da su.

Za a ce ai talauci ne ya zaɓa masa na gama-gari, ba sani ba. Kodak da kansa ya rushe wannan magana, domin ya ƙera Pro Image 100, fim mai sunan ƙwararru da ke jure ajiya ba firji, ya tura shi kasuwannin ƙasashe masu zafi. Ke nan kamfanin ya yarda akwai ƙwararren da firji ba ya cikin kayan aikinsa. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta fata: an ce na ƙwararru ya fi fitar da launin jiki da laushi. Gaskiya ne, amma jikin wa? Shekaru da dama wuraren wanki suna daidaita injinansu da katin Shirley, hoton wata Baturiya, sai a tsakiyar shekarun 1990 Kodak ya fitar da kati mai ɗauke da baƙar mace. Binciken wata masaniya, Lorna Roth, ya nuna koken masu sayar da cakulan da kayan katako ne ya fara sa kamfanin gyara launuka masu duhu.

Duk da haka fim ɗin gama-gari yana da aibinsa, kuma a nan masu sukar sun yi gaskiya. Yana zafafa launi, yana tsananta bambancin haske da duhu. Atamfar amarya takan fito shar, amma dattijo baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana sai fuskarsa ta nutse. Maganin wannan yana hannun mai hoto: ya kai mutum inuwa, ya ƙara haske, ya san injin wa zai ba wanki. Daga baya ma rabon gida biyun kansa ya fara dushewa: Fuji ya daina yin Pro 400H na ƙwararru a Janairun 2021, Kodak kuwa a 2022 ya fito da Gold a girman 120, wanda aka fi sani da kyamarorin ƙwararru.