Sai Ya Yi Kuɗi Zai Zama Mutum? Matsayin Talaka Da Naƙasasshe A Finafinanmu

Mai karatu, bari in fara da abin da ya faru a kan idona, domin shi ne ya hana ni sakat har na ɗauki biro. Wani dare bayan sallar isha'i muna zaune a teburin wani mai shayi a nan Dutse, kusa da tasha, an kunna talbijin ana kallon wani fim na barkwanci. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba, don ba shi kaɗai ne mai laifin ba, ire-irensa sun fi a ƙirga. A cikin shirin an nuno wani wai gurgu yana bara, da aka miƙa masa kuɗi sai ya miƙe tsaye ya ranta a na kare, sauran 'yan wasa suka rufa masa baya. Wuri ya kaure da dariya, ni ma ban tsira ba. A gefen benci kuwa akwai wani bawan Allah mai gyaran takalma, wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro, yana zaune a kan kekensa na hannu. Da dariya ta lafa sai ya kurɓi shayinsa, ya dube ni ya ce, "Malam, su waɗannan a zatonsu mu ba ma kallo?"

Wallahi ban iya ba shi amsa ba. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya, da guminsa yake ciyar da su, ni kaina ya sha ɗinke mani takalmi bashi. Amma a duk finafinan da ya kalla a rayuwarsa, da wuya idan ya taɓa ganin mai kama da shi a matsayin magidanci mai sana'a. Ko dai ya ga maƙaryaci mai yaudarar jama'a, ko ya ga abin tausayi da ake jefa wa sadaka.

Tun daga ranar na riƙa lura da yadda industirinmu ke ɗaukar mutanen da ba su da komai, wato talaka, da ɗan ƙauye, da almajiri, da 'yar aiki, da naƙasasshe. Abin da na gano shi ne hanyoyi uku kacal aka ware masu, kuma duk ukun ba su kai su ga mutunci.

Hanya ta farko ita ce ta dariya. Ɗan ƙauye a fim ɗin Hausa kusan kullum wawa ne: hula a karkace, baki buɗe, yana tsoron fanka, yana gaida firji. Mai in'ina ba a sa shi a fim sai don a kwaikwayi harshensa. Mu mutanen Jigawa mun fi kowa sanin ɗacin wannan, domin tun da aka cire mu daga jihar Kano a ran 27 ga Agusta, 1991, ba mu rabu da tsokanar ƙauyanci ba. Tsokana tsakanin 'yan'uwa ba laifi ba ce, Bahaushe ya gaji wasa da barkwanci. Kuma kada a ce ina ƙin wasan ban dariya. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, ya sha fitowa a matsayin talaka ko baƙauye, amma a shirye-shiryensa masu kyau za ka tarar wayon talakan ne ke kayar da mai kuɗi ko mai iko, dariyar a kan babba take ƙarewa. Da yawa daga masu kwaikwayonsa sun ɗauki rigar da muryar, sun bar hikimar. Su a wurinsu talaucin kansa shi ne abin dariyar.

Hanya ta biyu ita ce ta tausayi. A nan za a nuno maka maraya ko makaho ko almajiri yana kuka, a saka kiɗa mai sanyi, sannan Alhaji ko Hajiya su fito daga mota su share masa hawaye. Da ganin farko sai ka ce wa'azi ne mai kyau. Amma tambayi kanka, labarin wane ne ake bayarwa? Na Alhaji ne. Shi kyamara ke bi, shi ake ba dogon jawabi, shi ake yi wa addu'a. Wanda aka taimaka ɗin ba shi da ra'ayi, ba shi da buri, sau da yawa ko suna marubucin bai ba shi ba. An kawo shi ne don a auna kirkin wani, kamar yadda ake kawo kujera don a cika falo.

Hanya ta uku ta fi sauran wayo, kuma ita ce ta fi damuna. Ita ce wadda za a wulaƙanta talaka tun daga farkon fim, sai a ƙarshe a gano ashe ɗan attajiri ne da ya ɓace, ko ya yi kuɗi dare ɗaya, ko ɗan sarki ya aure ta. Daga nan waɗanda suka zage shi su zo suna durƙuso suna neman gafara. Duba Sangaya, fim ɗin da ya yi tashe tun wajen 1999, inda Ali Nuhu ya fito a matsayin Maina, Fati Mohammed kuma a matsayin Zubaina mai aikace-aikace a gidan sarauta. Fim ne da ya cancanci sunan da ya yi, amma yaushe darajar Zubaina ta bayyana a idon mai kallo? Sai da zuciyar ɗan sarki ta karkata gare ta. Fiye da shekara ashirin bayan haka, a cikin shiri mai dogon zango na Labarina, mun ga Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don ya gwada mutane. Mai kallo yana jin haushin masu raina shi, amma me ya sa? Saboda mun san sirrin, mun san yana da dukiya. Darasin da yaro zai ɗauka shi ne: kada ka raina talaka, wataƙila mai kuɗi ne a ɓoye, ko gobe ya yi kuɗi. To wanda ba zai taɓa yin kuɗin ba fa? Mai gyaran takalman nan da zai tsufa a kan kekensa fa? Shi ke nan an halatta raina shi?

Wannan ita ce cutar. Finafinanmu sun maida mutunci kamar wani lada da ake biya a ƙarshen labari, alhali kowane ɗan Adam da nasa ake haihuwarsa. Ba sai mun je aro wajen Turawa ba kafin mu san haka. Duk ɗan makarantar allo ya san Suratu Abasa, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa ta sauka ne a kan sha'anin wani makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladan a Madina, har Manzon Allah (SAW) ya sha wakilta shi a garin idan zai yi tafiya. Bai warke daga makanta ba kafin a ba shi wannan matsayi, bai kuma yi arziki ba.

A nan Dutse ma mun ga wani abu mai kama da darasi, kuma ba siyasa na kawo ba, ba ruwana da jam'iyyar kowa. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wasu naƙasassun jihar naira 7,000 kowane wata. Wannan taimako ne, kuma ya yi amfani ga waɗanda suka samu. Amma abin da ya fi tsaya wa manyanmu a rai, har yau suna ba mu labarinsa, shi ne Taron Talakawa da aka yi a Dutse a 2008, inda aka miƙa wa masu ƙananan sana'o'i lasifika suka faɗi halin da suke ciki da bakinsu, manyan baƙi da sarakuna na zaune suna saurare. Ana iya gardama a kan ko taron ya canza wani abu a rayuwarsu. Abin da ba a gardama a kai shi ne, a ranar nan talaka ne mai magana. Ka ba mutum kuɗi ka taimake shi, amma idan ka saurare shi ka yarda ke nan yana da abin faɗa. Wannan sauraren ne furodusoshinmu suka kasa yi.

Shin an taɓa gwadawa a fim? An taɓa. A 2011 aka fitar da Duniya Juyi Juyi a Kano, fim ɗin da wasu almajirai tara suka shirya tare da wata mai bincike, Hannah Hoechner, da tallafin cibiyar Goethe ta ƙasar Jamus. Bayan an horar da su, su suka tsara labarin, su suka yi wasan, su suka riƙe kyamara, a cikinsu aka samu darakta. Labarin wani yaro ne, Aminu, da aka kawo shi birni daga ƙauye karatun allo, da irin gwagwarmayar da ya sha wajen neman abinci da aikin gida da haƙuri da wulaƙanci. Duk mai son gani yana iya nemansa a YouTube.

Ta fuskar sana'a, ba zan ruɗe ka ba, fim ne na 'yan koyo. Akwai wuraren da wasan ya yi sanyi, akwai inda saƙon ya fito fili kamar ana karanta takarda. Amma yana da abin da finafinan miliyoyi ba su da shi: kyamarar tana tsaye ne a inda almajirin yake tsaye. Mu da muka saba ganin almajiri daga cikin gida, ta ƙofar da ake buɗewa a miƙa masa ragowar tuwo, a nan sai muka tsinci kanmu a waje tare da shi, muna jiran a buɗe. Wannan canjin wurin tsayuwa kawai ya isa ya sa mai kallo ya ji nauyi.

Duk da haka ina da ƙorafi, kuma don ina girmama aikin ne zan faɗa. A ganina Aminu ya cika kirki. Na fahimci dalili: yaran da aka daɗe ana kiran su ɓarayi da 'yan daba dole su so nuna wa duniya kyakkyawar fuskarsu. Sai dai akwai tarko a nan ma. Idan sai almajiri ya zama waliyyi kafin mu ga ƙimarsa, to mun koma gidan jiya, mun dai canza sharaɗin ne daga kuɗi zuwa tsarki. Ɗan Alhaji a fim yana shaye-shaye, yana ƙarya, yana tuba, kuma muna bin labarinsa har ƙarshe. Almajiri ma yana da haƙƙin ya yi kuskure a labari ba tare da an cire shi daga sahun mutane ba.

Masu cewa irin wannan labari ba ya sayuwa, su leƙa waje. A 1997 Majid Majidi na ƙasar Iran ya shirya Children of Heaven, labarin yaro da ƙanwarsa 'ya'yan talaka da ke karɓa-karɓa da takalmi ɗaya don zuwa makaranta. Yaron ya shiga gasar tsere yana neman na uku, domin kyautar na uku takalmi ce, sai ya zo na ɗaya, ya koma gida da baƙin ciki. Ba wanda ya zama attajiri, ba a gano uban wani sarki ne ba, amma fim ɗin ya kai ga shiga takarar Oscar. Iyayenmu kuma da suka yi zamanin sinima sun san Dosti na Indiya, na 1964, labarin abota tsakanin makaho da gurgu, kuma su biyun ne jaruman.

Labarai irin waɗannan a ƙofar gidanmu suke. Ka je kasuwar Shuwarin ka ga masu dabino da 'yan dako, ka shiga ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu ka zauna da matan da ke surfe da sussuka suna biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta. Kowane ɗayansu yana da soyayya, da kishi, da bashi, da abin dariya na gaske wanda ba na raini ba.

Shawarata ga marubuta da daraktoci guda uku ce. Na ɗaya, duk wanda ka sa a labari ka ba shi suna da buri, ko da fitowa biyu zai yi. Na biyu, idan labari na buƙatar gurgu ko makaho ko kurma, a nemo na gaske a horar da shi a biya shi, a daina ɗaure ƙafar mai lafiya. Tun Janairu 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, bai kamata industiri ya zama na ƙarshe da zai ji labarinta ba. Na uku, a gwada mana fim ko da ɗaya ne wanda talaka zai fara a talaka ya ƙare a talaka, amma mai kallo ya tashi yana jin kunyar ya taɓa raina irinsa.

Mu 'yan kallo ma da namu laifin, domin abin da muka tafa wa shi ake sake dafa mana. Ni dai tun daren nan, idan aka zo irin wancan wuri a fim, sai na waiwaya na ga wa ke zaune kusa da ni. Mai gyaran takalman nan har yanzu yana zuwa shan shayi, kuma har yanzu yana kallo. Allah ya sa masu abin su ji, su gyara.