Jinjina ga Sarkin Gayya

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Bichi gona ba ta hutawa. Ƙasa ta yi kaɗan, mutane sun yi yawa, sai ka ga gonar gero ta manne da ta dawa, gamba kaɗai ta raba su. A nan in ciyawa ta riga ka a watan Yuli, shekara ta tafi. Shi ya sa ake kiran gayya, gayya kuwa sai da mai jan ta.

Sarkin gayya ba rawani, ba albashi. Tun jajibiri yake bin zauruka da goro, yana tuna wanda ya yi wa wani aiki bara. Da asuba shi ne na farko a bakin gona, fartanya a kafaɗa. Ya jera samari kunya-kunya, ƙarfafa a gefe biyu, sabon shiga a tsakiya don kada a gane an bar shi baya. Wannan dabarar ta fi burge ni. In makaɗi ya zuga wani har ya fara sare gero tare da ciyawa, sai sarkin gayya ya matso, murya ƙasa-ƙasa: "Yaro, a hankali, hatsin Baba ne."

Ƙodago da maganin feshi sun rage gayya, gaskiya ne. Amma har yanzu sarkin gayya ne ke cewa a fara da gonar tsohuwar da ɗanta ya tafi Legas bai dawo ba. In fura ta iso gindin ɗorawa, sai ludayi ya zaga kowa kafin ya miƙa hannu.