Barga ba *écurie* ba ce: gyara ga masu nazarin gine-ginen Birnin Damagaram

A shekarar 2006 ƙasar Nijar ta saka unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Kundayen ɗalibai da muka duba a kan wannan unguwa sukan tsaya ga zanko, da zanen bango, da soro. Ba safai suke ambatar wurin ɗaure dawaki ba. A ganinmu wannan giɓi ya samo asali ne daga fassara.

An saba fassara *barga* da *écurie*. Ga wanda ya yi karatu da Faransanci, kalmar tana kawo hoton gini mai rufi, kowane doki da ɗakinsa, irin wanda Hardouin-Mansart ya gina wa Sarki Luwi na 14 a Barsai daga 1679 zuwa 1682. Ɗalibin da ya shiga Birni da wannan hoto ba zai ga komai ba, sai ya rubuta cewa babu.

Amma bargar Hausa fili ce cikin katanga. Ginshiƙinta shi ne *turke*, wanda ake ɗaure doki a ƙafa. Sannan rumfa, da rumbun harawa, da makwancin ƴan barga. Saboda haka ba tsayin bango ya kamata a auna ba, sai tsarin fili: nisansa da zaure, hanyar da doki ke bi ya fita ba tare da ya ratsa cikin gida ba, da adadin turaku, wanda ke nuna ƙarfin mai gidan.

Tarihi ma yana buƙatar wannan awo. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma da mahaya ya faɗaɗa ƙasarsa, kamar yadda ake gani a aikin André Salifou na 1971. Dawakin nan ba a daji suke kwana ba; a cikin gari suke, a fada da gidajen sarakai. Bayan yaƙin Tirmini na 1899 doki ya bar fagen daga, ya koma na hawan salla, bargogi kuma suka ragu.

Illar wannan kuskure ba ta tsaya ga takarda ba. Abin da ba a lissafa shi cikin gini ba, ba a kare shi: ana gyara zanko, filin barga kuwa ya zama gareji ko shago, ba wanda ya ce uffan.

Shawararmu biyu ce. Na farko, a bar kalmar *barga* yadda take a rubutun Faransanci, a bi ta da bayani. Na biyu, a tattaro kalmomin sana'ar daga bakin tsofaffin ƴan barga, a kuma zana taswirar filayen da suka rage tun turakunsu na tsaye.