Ɗan Kallo Ya Zama Abin Kallo: Sharhi a Kan Fim Ɗin Catching Hell

Wannan fim na Alex Gibney (2011) ya ta'allaƙa ne a kan wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugu da kulki, wanda aka yi a filin Wrigley na Shikago ran 14 ga Oktoba, 2003. Ƙungiyar Cubs na gaba da ci 3 ba ko ɗaya, sai wani ɗan kallo ya taɓa ƙwallon da Moises Alou ke shirin cafewa. Daga nan Marlins ta ci 8.

Abin da fim ɗin ya tono shi ne, a lokacin filin ba shi da allon majigi, saboda haka galibin 'yan kallo ba su ga abin da ya auku ba. Tashar talabijin ta Fox ce ta dinga maimaita hoton tana nuno fuskar mutumin. Zagi ya faro daga titi, inda ake kallon akwatin, kana ya shigo fili, har aka watsa masa giya, masu gadi suka fitar da shi. Kuren da ɗan wasa Alex Gonzalez ya tafka jim kaɗan, wanda a ganina ya fi muni, bai sami wannan maimaici ba.

Wanda ya saba da fagen dambe a Rano ko Kibiya zai gane bambancin: can sau ɗaya ido ke gani, sai gardama ta raba laifin. Illar fim ɗin kuwa, Gibney ma maimaicin ya yi, daga kowace kusurwa, a kan mutumin da ya ƙi yarda a yi hira da shi.