Takardar Koriya da allon zayyana

A shekarar 1966, masu gyaran wata hasumiyar dutse a haikalin Bulguksa, a Koriya ta Kudu, sun tarar da wata naɗaɗɗiyar takarda mai ɗauke da addu'ar mabiya Buddha, wadda aka buga a ƙarni na 8. Fiye da shekara 1200 ke nan, amma rubutunta yana karantuwa. Sunan irin wannan takarda hanji. Da ɓawon ciki na wata bishiya mai suna dak ake yin ta: a dafa shi da ruwan toka, a daka, a gauraya da yauƙin saiwar wani tsiro ɗan uwan kuɓewa, domin zaren ya bazu daidai. Har kwanduna suke saƙawa da ita, bayan sun murza ta kamar igiya.

A wurinmu takarda baƙuwa ce. Wadda malamai suka rubuta Alƙur'ani a kanta a ƙarni na 19, mai tambarin jinjirin wata uku, daga Italiya take zuwa, raƙuma su ƙetaro da ita hamada. Saboda tsadarta, gwanintarmu ta koma kan alƙalamin kara, da tawadar gawayi da ƙaro, da allo. Wanda ya ga allon zayyana ranar saukar karatu a Gidan Sori ko Tibiri ya san ba mu rasa ido ba. Layukan suna sarƙewa, ja da rawaya da kore suna zaune ba gardama.

Inda Koriyawa suka sha gabanmu shi ne darajanta kayan aiki. Zayyanar yau, da yawa daga cikinta, an yi ta ne da alƙalamin roba mai launi a kan takardar bugawa, a manna a allo. Tana ɗaukar ido ranar biki, damina biyu ta koɗe. Zanen bai lalace ba, abin da ke ɗauke da shi ne ya yi arha.

Ƙungiyoyinmu na al'adu suna yawan zancen ɗakin fasaha a gida, kamar sai an gina sabo. Ai zaure ya isa: haske daga ƙofa, tabarma, kurtun tawada mai murfi, da kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da laima. Abin da ya fi gaggawa shi ne malaman makaranta su nemi tsofaffin da har yanzu suke dafa tawadar bagaruwa, su zaunar da ɗalibai a gabansu, su rubuta awon kowane haɗi.