HOTON WAƘA NA ƊALIBAN MONTIRIYAL

Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya san wasiƙa tana da ƙa'idarta. A kan rubuta sunan gari da kwanan wata daga sama, sa'an nan a yi gaisuwa, sa'an nan a shiga magana, a rufe da sa hannu. Mu da muka daɗe muna aikin akawu, in takarda ta zo teburinmu, kafin mu karanta layi biyu mun gane ko mai ita ya san hanya. Amma fa mun sha ganin takarda wadda ta cika kowace ƙa'ida, a karanta ta har ƙarshe a rasa abin da mai ita ya ke so. Mun kuma ga wadda ta tsallake rabin ƙa'idodin, duk da haka aka biya wa mai ita bukata ran nan. To, abin da ya sami wasiƙa shi ya sami hoton waƙa.

Hoton waƙa, wanda yara su ke kira bidiyo, ɗan gajeren silima ne na minti 3 zuwa 5, a kan yi shi don waƙar da kunne ya ji ido ma ya gan ta. A shekarar 1981 aka buɗe tashar telebijin ta MTV a Amurka, ta fara da nuna irin waɗannan hotuna dare da rana. Da kamfanonin faifai suka ga waƙar da aka nuna ta fi shiga kasuwa, sai suka yi ta zuba kuɗi, kowa yana kwaikwayon abin da ya ga ya karɓu, har abin ya zama al'ada mai ƙa'idodi. A 1992 wani masani Bature, Andrew Goodwin, ya rubuta littafi ya jera ƙa'idodin nan. A makarantun Ingila ma an sha ba ɗalibai aikin su yi hoton waƙa da hannunsu, sa'an nan su rubuta bayanin inda suka bi al'ada da inda suka saɓa mata.

Ga manyan ƙa'idodin a taƙaice. Ta farko, aron murya: an riga an ɗauki waƙar tun tuni, wanda a ke gani a hoto baki kawai ya ke motsawa daidai da ita. Ta biyu, abin da ido ke gani ya bi ma'anar baiti da saurin kiɗa. Ta uku, yanka: a kan ɗauki hoto gutsure-gutsure a wurare dabam-dabam, sa'an nan a harhaɗa, kiɗa ya buga hoto ya sauya. Ta huɗu, a yi ta kusanto da fuskar mawaƙi har mai kallo ya haddace ta. Ta biyar, a nuna dukiya, motoci da manyan gidaje, a kuma bar kyamara ta yi ta bin jikin mata.

Mai karatu ba baƙon waɗannan ba ne. Wanda ya taɓa kallon silimar Indiya ya ji muryar Lata Mangeshkar tana fitowa daga bakin mata masu yawa waɗanda ba su ne suka rera ba. Finafinan Hausa kuwa, waɗanda aka soma yi a Kano wajen 1990, su ma daga baya sun ɗauki wannan hanya: saurayi da budurwa a lambu, baiti ya ƙare an sake tufafi, an sake wuri.

Hoton da na ke so mu duba an yi shi a ƙasar Kanada cikin watan Satumba na 1 ga shekarar karatu, watau Satumba 2009, a Jami'ar Kibek da ke birnin Montiriyal. Ɗalibai 172 na sashen koyon aikin watsa labarai suka taru a makon karɓar sababbin shiga, suka ɗauki waƙar "I Gotta Feeling" ta ƙungiyar Black Eyed Peas, wadda ta yi mako 14 tana kan gaba a jerin waƙoƙin Amurka a shekarar nan. Gwaji da ɗauka duka ba su kai musu sa'a 3 ba. Suka sa hoton a YouTube, kafin a ce haka mutane miliyoyi sun kalla, har gidajen telebijin na Amurka suka ba da labarinsa. Ni ɗan ƙanena ne ya nuna mini a wayarsa, na ce ya sake, har sau uku.

Yadda aka yi shi ke nan. Mai kyamara ya taso daga waje, ya shiga ƙofar makaranta, ya bi zaure da matakala da lunguna, bai tsaya ba, bai kuma kashe kyamara ba har waƙa ta ƙare, wajen minti 5. Ko'ina ya ɓulla akwai waɗanda ke jiransa. Wannan ya karɓi layi ɗaya ya yi tafiya da shi taku kaɗan, ya kauce, wata ta karɓa, ta miƙa wa na gaba. Waɗansu sun yi shigar ban dariya irin ta makon nan. A ƙarshe duka suka haɗu a babban fili na tsakiyar ginin suna tsalle tare.

Don a gane abin da suka yi, sai a gwada shi da hoton da masu waƙar suka yi wa waƙar tasu. Wancan ya cika ƙa'idodi biyar ɗin nan cif. Mawaƙan su huɗu su ne a gaba daga farko har ƙarshe. An nuna su suna shirin fita shagalin dare, an daɗe a kan macen cikinsu tana ado, sa'an nan ga taro ga abin sha, hoto yana ta sauyawa kamar walƙiya. Aikin gwanaye ne, kuma an kashe masa kuɗi.

Ɗaliban sun riƙe ƙa'ida ta farko da ta biyu sosai. Aron murya shi ne ginshiƙin hotonsu duka, ga shi kuwa jami'arsu da Faransanci a ke karatu a cikinta, waƙar kuma ta Turancin Ingilishi ce, sai da kowa ya haddace rabonsa. Tafiyar kyamara ma ta bi kiɗa. Da fari, sa'ad da kiɗa ya ke a hankali, mutane ɗai-ɗai a ke gani. Kiɗa na ƙara ƙarfi jama'a na ƙaruwa, har inda waƙa ta kai ƙololuwa taro ma ya cika. Wanda ya shirya wannan ya saurari waƙar da kunnen basira.

Sauran ukun kuwa sun yar da su. Ba su yanka ko sau ɗaya ba. Wannan ba ƙaramin kasada ba ne, gama mai yanka yana da wurin ɓoye kuskure, in abu ya ɓaci ya cire ya sake. Su kuwa in mutum na 150 ya makara, aikin mutum 149 ya lalace, sai a koma bakin ƙofa. Mai kallo yana jin wannan a jikinsa ko da bai san sunan abin ba. Ya kan zura ido kamar mai kallon yarinya ta ɗauko tulu cike a ka tana tsallake kwata. Haka kuma ba su da tauraro. Ba fuskar da ta daɗe, ba wanda aka koma kansa don ya fi kowa kyau. Maimakon gidan haya mai ƙyalli, ginin da su ke karatu kullum suka nuna, da allunan sanarwarsa da ƙofofinsa. Mata suna cikin hoton da yawa, amma kyamara ta wuce su kamar yadda ta wuce maza, kowa rabonsa layi ɗaya.

A nan ne na ga hikimar aikin. In mutum ya duba ƙa'idodin nan biyar ya tambayi kowace, wa ki ke yi wa aiki, zai ga sun rabu gida biyu. Aron murya da bin kiɗa waƙa su ke yi wa aiki, in babu su hoto da sauti sun rabu. Kusanto da fuska da nuna dukiya da jiki kuwa mai sayarwa su ke yi wa aiki, domin kamfani mawaƙi ya ke talla, yana so a san fuskarsa a sayi faifansa na gaba. Yanka tana tsakani, wani lokaci ta taimaki kiɗa, wani lokaci ta rufe aibi. Ɗaliban Montiriyal ba su da faifan sayarwa, saboda haka suka bar kayan ɗan kasuwa a inda suka gan su. Ba su da kuɗi, amma suna da jama'a da gini da rabin yini. Da abin da ke hannunsu suka auna ƙa'idodin, wadda ta yi musu daidai suka ɗauka. Waƙar tana maganar murnar taruwa ne, ni kuwa a ganina hoton mutum 172 da suka jingina da juna ya fi na mutum huɗu fid da wannan ma'ana.

Amma gaskiya ba ta hana a faɗi inda aikin ya gaza. Da fari dai waƙar ba tasu ba ce, muryar ma ba tasu ba ce. Baitocin suna kiran mutane ne su fita shagalin dare su kashe abin da ke aljihu, ɗaliban kuwa ba su yi wa wannan magana gardama ba, sun karɓe ta yadda ta zo. Watau sun saɓa wa al'ada wajen siffa, wajen magana sun bi ta sau da ƙafa. Na biyu, rashin tauraro yana da tasa hasara. Na kalla sau uku, amma in an tsare ni a ce in siffanta mutum biyar daga ciki, sai in yi shiru. Hoton yana sa fara'a, ba ya barin labari a zuciya. Na uku, kada a ɗauka su suka fara. Tun a 2007 ma'aikatan wani ofis a Niyu Yok suka yi irinsa ya bazu, a 2008 ɗaliban jami'ar Furtwangen ta Jamus suka yi nasu. Ɗauka guda ba yanka ma an yi ta a babban silima: a 2002 Alexander Sokurov na Rasha ya fitar da fim na fiye da minti 90 wanda ya ɗauka haka. Saboda haka ɗaliban nan sun bar gwadabe ne suka bi wata 'yar turba da waɗansu suka riga suka taka, sai dai su suka faɗaɗa ta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni mamaki. Makarantu da kamfanoni barkatai suka shiga yin irinsa, kowa ya faro daga ƙofa, ya bi zaure, ya ƙare da taro ana tsalle. Da yawa ma talla suka mai da shi don jawo sababbin ɗalibai. Abin da jiya ya ke saɓo yau ya zama al'ada, ɗan kasuwa da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Tun shekarar ba ta fita ba wasu yara suka ga haka. A garin Shoreline, kusa da birnin Siyatul na Amurka, akwai makarantun sakandare biyu masu gasa da juna. 'Yan Shorecrest suka yi nasu hoton bisa sabuwar al'adar, suka ƙalubalanci maƙwabtansu. 'Yan Shorewood kuwa, cikin Disamba 2009, suka ɗauki wata tsohuwar waƙa ta Hall da Oates, suka yi kome da baya. Masu aron murya suka haddace sautin kalmomi a juye, daga ƙarshe zuwa farko, aka ɗauka haka, sa'an nan aka juya hoton. Da aka nuna, baki ya dace da waƙa daidai, amma abin da aka jefar sai a ga ya taso daga ƙasa ya koma hannun mai shi. Ku lura, ƙa'idar aron murya ba su taɓa ta ba, wahala ma suka ƙara wa kansu don su cika ta. Wanda bai san ƙa'ida ciki da bai ba, ba zai iya juya ta haka ba.

Mu ma nan gida muna da misali. Al'adar mawaƙanmu ita ce a sami mai bakin waƙa da 'yan amshi da makaɗa, kamar yadda Mamman Shata ya riƙa yi da kalangu. Ɗan Maraya Jos kuwa ya fito shi kaɗai da ɗan kuntiginsa, yana kaɗawa yana rerawa, ya kuma sa 'yan garuwa da karen mota cikin waƙa. Ba wanda ya ce bai san waƙa ba, gama ma'aunin kiɗa da daɗin lafazi bai sake su ba. Abin da ya bari shi ne abin da ba ya bukata.

Saboda haka ina jan hankalin ɗalibanmu masu yin hoton waƙa da wayoyinsu, da iyayen da a ke nuna wa. Sau da yawa yaro ya kan ari motar wani da falon wani don hotonsa ya yi kama da na manyan mawaƙa, a ƙarshe kowa ya gane aro ne, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Kafin ya ɗauki kyamara, ya zauna ya jera ƙa'idodin irin waƙar da ya zaɓa, kamar yadda akawu ya ke jera sassan wasiƙa. Ya tambayi kowace ɗaya wa ta ke yi wa aiki. Wadda waƙarsa ke bukata ya koye ta har ya gwanance. Wadda kuwa ta mai sayar da faifai ce, ya duba aljihunsa da niyyarsa tukuna. In aka nuna maka hoton ɗanka, kai ma tambayar da za ka yi masa ke nan: wannan da ka sa, don me ka sa, wancan da ka bari, da sani ka bari ko da rashin sani? In ya iya amsawa, ya fara zama gwani.