Gwanin bin sawu a cikin Git

Ranar da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe aikin kowa, ta mutu aka tayar da ita daga kwafin ajiya, kowa a ofis yakan sauke ajiyar zuciya. Can sai wani ya buɗe ma'ajiyar manhajar da ake rubutawa, ya ga aikin ƙarshe da ke ciki na mako biyu da suka wuce ne. Duk abin da aka yi a tsakani, babu shi babu dalilinsa. A irin wannan rana ake gane gwani, kuma abin da ya fi burge ni da shi shi ne ba ya garajen taɓa komai. Yakan ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kowa ya ɗauke hannu. Kada wanda ya tura, kada wanda ya jawo." Sannan ya kwashe jakar .git ɗungurungum ya kai wani wuri, ya yi aikinsa a kan kwafin.

Natsuwar tasa daga sanin ginin Git, manhajar da ke adana tarihin aikin a cikin jakar nan, ta samo asali. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a watan Afrilun 2005 domin aikin Linux, kuma ya tsara shi ta yadda duk ajiyar da mutum ya yi, wadda masu sana'ar ke kira komit, za ta samu lamba mai haruffa 40 da aka lissafo daga abin da ke cikinta. Kowane komit yana riƙe da lambar wanda ya gabace shi, kamar yadda mai salsala ke cewa wane ɗan wane. Idan ka samu na ƙarshe, ka samu dukkan kakanninsa. Shi kuwa reshe, wanda sabon shiga ke ɗauka wani babban abu ne, suna ne kawai da ke nuna lambar komit guda. Saboda haka sau da yawa abin da ya ɓace sunan ne, kayan suna nan kwance a wani wuri ba mai nuna su.

Sai farauta. Ba ya ɓata lokaci a kan uwar garke, don ya san ma'ajiyar da ke can galibi ba ta riƙe littafin motsi da ake kira reflog sai an kunna mata shi. Kwamfutocin abokan aiki yake bi, ɗaya bayan ɗaya, domin duk wanda ya sauko da ma'ajiyar ta hanyar da aka saba, ya sauko da tarihinta gaba ɗaya. Wanda ya jawo aiki daren da abin zai faru, shi ne mai riƙe da dukiyar, ko da bai sani ba. Wannan ne ma dalilin hana kowa jawowa: Git zai mayar da alamun rassan baya su dace da tsohuwar ajiya, kuma idan an saita shi ya riƙa share rassan da babu su a can, zai share su tare da littafin motsinsu.

Ka tsaya bayansa ka gani. Ya rubuta git reflog, layuka suka zubo, kowanne da guntuwar lamba mai haruffa bakwai da bayanin abin da aka yi. Ya bi da yatsa a kan gilashin har ya tsaya a wani layi, ya waiwayo ya ce, "Malam, wannan ba shi ne gyaran da ka yi ranar Laraba ba?" Da an ce shi ne, sai ya ɗaura wa lambar sabon reshe nan take, kamar wanda ya tsinci akuya ya kafa mata turke kafin ya fara tambayar mai ita.

Idan littafin motsi bai wadatar ba, akwai git fsck, wanda ke bincika rumbun duka ya fito da komit marayu, waɗanda babu reshen da ke kaiwa gare su. Nan aikin ke cin rai. Za su iya fitowa da dama, yawancinsu shara ne, sai an buɗe kowanne an duba suna da kwanan wata. Kuma lokaci ba ya jira. A saitin asali, Git yana riƙe bayanan littafin motsi kwana 90, na abin da ya fita daga reshe kwana 30, marayun da babu mai nuna su kuwa da sun wuce mako biyu mai shara zai iya kwashe su.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ban haushi: kwafin ajiyar ya tsallake jakar .git saboda ɓoyayya ce, mutane suka buɗe sabon tarihi suka ci gaba da aiki wata guda, sannan tsohon ya ɓullo a kwamfutar wani. Gwani ba ya zubar da ko ɗaya. Da git replace yake ɗinke su, ya sa komit na farko a sabon tarihi ya ɗauki na ƙarshe a tsohon a matsayin uba. Ni dai a ganina nan ne ƙwarewar ta fi fitowa, domin sai ya gwada fayilolin ɓangarorin biyu ya tabbatar bakin ya haɗu kafin ya ɗinke.

Manya ma abin yana cin su. A watan Maris na 2013, faifan babbar uwar garken ƙungiyar masu rubuta manhaja ta KDE ya lalace, kuma sauran na'urorin da ke kwafar ta kai tsaye suka kwafi ɓarnar yadda take. Ma'ajiyoyi kimanin 1,500 suka kusa salwanta. Abin da ya cece su wata sabuwar na'ura ce da ake shirya wa wani aiki, wadda ta riga ta ɗauki kwafi mai lafiya, ɓarnar kuma ba ta kai gare ta ba. Daga ita aka sake gina komai.

A ofishinmu na misali kuwa, bayan gwanin ya tura rassan da ya ceto, ba ya tashi sai ya sake gudanar da git fsck a kan uwar garken, ya kuma sa mutum biyu sun karanto masa lambar komit ɗin ƙarshe daga kwamfutocinsu. Da lambobin sun zo ɗaya, sai ya ce kowa ya koma bakin aiki.